Mutanen Haɗeja Tsakanin Azahar da Saukar Hadari

Daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba, yawancin ranakun Haɗeja tsarinsu ɗaya ne. Gari ya waye da ɗan sanyin yaudara, kafin hantsi rana ta buɗe, zuwa azahar iska ta tsaya cik, riga ta manne a gadon baya. Zafin bazara na Afrilu da Mayu, wanda kan haura digiri 40, busasshe ne, inuwar darbejiya kan rage masa kaifi. Na damina kuwa da laima yake tafe, domin garin a bakin kogi yake, ga fadama ta ko'ina. Gumi ya tsatso, ya ƙi bushewa. Can wajen la'asar sai gabas ta yi baƙi ƙirin. A 'yan sa'o'in nan halin kowa yake fitowa fili.

Babu majalisar da ba ta da masanin hadarinta. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, amma shi bai taɓa jiran ta ba. Zai karkace hula, ya ƙanƙance ido, ya dubi gabas, ya yanke hukunci: "Wannan ba namu ba ne, a Guri zai zube." Minti goma bayan haka jama'a na rige-rigen naɗe tabarma, shi kuma yana gaba riƙe da takalmi a hannu. Gobe idan aka tuna masa sai ya ce iska ce ta juya. Idan ya ce za a yi ruwa aka wayi gari ba ɗigo, to wani ne ya ɗaure shi saboda bikin 'yarsa. A yi masa adalci dai: hadarin wannan yanki daga gabas yake tasowa ya nausa yamma, da guguwa a gabansa, kuma wannan bai taɓa kuskurewa ba. Sauran bayanan ne Allah kaɗai ya san inda yake samo su.

Kusa da shi akwai mai mita. A gaishe shi da "Ya gumi?", maimakon ya ce "Lokacinsa ne" kamar kowa, sai ya gyara zama. Bai taɓa ganin zafi irin na bana ba. Bara ma haka ya ce. Da ruwa ya sauka aka ce masa "Ya ruwa?", ya amsa "Ya yi gyara" a daƙile, sannan ya shiga lissafin sauro, taɓo da katangar da ta jiƙa.

Uwargida ba ta da lokacin wannan zance. Da iska ta kaɗa, ita ce kwamandan gida: a kwashe shanya, a shigar da tsakin da aka baza, a rufe itace da buhu, a jera bokitai da baho ƙarƙashin indararo, a kamo ɗan akuya. Duk a numfashi ɗaya take ba da umarnin, tana kiran sunan yaro uku kafin ta dace da wanda take nufi. Maigida yakan taimaka da cewa "A yi sauri."

Sai mai tsoron tsawa. Da rana jarumi ne, shi ke ba da labarin yadda mazan Haɗeja suka tsaya wa Turawa a 1906 kamar da shi aka yi. Walƙiya ɗaya za ta haska ɗaki ya kashe waya, ya kife madubi, ya tuno addu'o'in da rabonsa da su tun makarantar allo. Abin dariya ne, amma da a ce masu fakewa gindin doguwar bishiya a gona da masu tsayawa cikin kwale-kwale lokacin tsawa za su ari rabin tsoronsa, da an rage zaman makoki.

A kasuwa kuma kowa da addu'arsa. Mai ƙanƙara da ruwan leda so yake hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa har magariba. Mai shayi so yake ya zuba. Ɗan acaɓa yana tsakiya: ɗigon farko na taɓa ƙasa kuɗin hanya ya tashi, hujjarsa taɓo, ko da titin kwalta ne. Mai bandar kifi yana duban sama yana duban itacensa. Wanda ya fi kowa fara'a shi ne mai kwaɗi, domin Haɗeja ta yi suna wajen cinikin busassun kwaɗi da ake lodawa zuwa kudancin ƙasar nan. Kukan da ke hana unguwa barci bayan ruwan dare, shi a kunnensa ciniki ne ke sallama.

Amma rigimar gaske tana sahun masallaci, inda manoma biyu ke tsaye kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya geronsa da riɗinsa na kan jigawa ta wajen Malam Madori ko Birniwa, ƙasar yashi da ba ta riƙe ruwa. Kwana goma ba ruwa ganye ya fara lanƙwashewa. Ɗayan shinkafarsa na cikin fadama ta wajen Auyo, ya ci bashin taki, kullum yana auna inda ruwa ya kai da kara. Liman ya roƙi damina mai albarka, dukansu suka ce amin da ƙarfi, kowa da abin da yake nufi.

Shi na fadamar ya san wani abu da masanin hadari bai damu da shi ba. Ruwan da ke cin gonar Haɗeja galibi ba a saman Haɗeja yake zuba ba. A ƙasar Kano yake sauka, ya bi kogin Kano da na Challawa, waɗanda ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya tafiyar ruwan: ya koma gudana rani da damina, ciyawar kacalla ta sami wurin zama ta toshe hanyoyinsa har zuwa dausayin Haɗeja da Nguru, yashi ya cike gindin kogi. Ruwan da ya rasa hanya kuwa gona yake nema, sannan gida. Abin da aka gani ke nan a 2018 da 2020 da 2022.

Daga nan ne mai shelar waya yake samun aiki. Tun Agusta yake tura saƙon murya a WhatsApp: "Jama'a, an buɗe Tiga, nan da asuba ruwa na cikin gari." Majiyarsa ƙanin abokin wani direba ne. Hoton da ya haɗa da shi kuma, idan aka duba da kyau, har da bishiyar kwakwa. Ya sa tsofaffi sun kwana zaune kan ƙullin kaya, shi ya yi barcinsa.

Akwai wasu da ba a cika jin muryarsu a majalisa ba. Su ne matasan da kan kwana a kan jinga idan kogi ya cika, da tocila a goshi, suna ɗura yashi a buhu suna toshe inda ruwa ya fara ɓulɓulowa, mata na aiko musu da kunu, masu hali na aiko da buhuna. A cikinsu ma ba a rasa shugaban sa-ido, wanda ya zo da babbar riga, ya naɗe hannu ɗaya, yana nuna inda za a ajiye buhun da bai taɓa ɗagawa ba. Ana haƙuri da shi, domin wani lokaci shi ke sayen burodi.

Ruwan sama yakan fara ja da baya a Satumba, masanin hadari ya tafi hutu, mai mita ya koma jiran hunturu don ya sami sabon abin ƙorafi. Kogi kuwa a daidai lokacin yake kan ganiyarsa. Wanda duk ke da buhun da ba ya amfani da shi, ya kai wa yaran jinga tun Yuli.