Masta Ya Riga Gwamnati Kashe Dare

Ranar 2 ga Yulin 2025 Shugaba John Mahama na Ghana ya ƙaddamar da shirin da ya yi ta alkawari tun lokacin kamfe, wato tattalin arzikin awa 24, wanda ba ya runtsawa. An tara ministoci da manyan 'yan kasuwa a Akra, an sha jawabai, an yi tafi. Sai dai an yi rashin ta-ido a wurin, don ba a gayyaci Masta ba. Masta na New Town nake nufi, mai maɗaba'ar cikin lungu, wanda injinsa ke tashin maƙwabta tun ladan bai yi alwala ba. Abin da gwamnati ke ta kafa wa kwamiti, shi ya gama da shi tun injinsa yana sabo, in ma ya taɓa ganinsa sabo, don sai da injin ya tsufa a Jamus kafin ya hawo jirgin ruwa zuwa Tema.

Lissafin gwamnati shi ne aiki ɗaya, mutum uku, a yi karɓa-karɓa sau uku, kowa ya yi awa takwas ya tafi gida. Almubazzaranci ke nan. A wurin Masta, yaron da ya yi aikin safe shi ke miƙa wa na rana, na rana ya miƙa wa na dare, kuma su ukun sunansu ɗaya, cikinsu ɗaya, kuɗin abincinsu ɗaya. Ba a taɓa jin mai karɓa ya makara ba.

Daga kasuwar Mallam Atta zuwa Kokomlemle, ƙofa bayan ƙofa maɗaba'a ce. A nan ake buga rabin rayuwar birnin: rasit da kalanda, littattafan rubutu na 'yan makaranta, katin aure da na suna, allon Maulidi, fastocin jana'izar da Kiristoci za su yi ranar Asabar, da fuskokin 'yan siyasa da ake lulluɓe katangu da su. Masu taron ƙara wa juna sani a manyan otal-otal suna nan suna fama da tambayar yadda ma'aikaci zai haɗa aiki da lafiyar jikinsa da hakkin iyali, musamman idan zamani na juyawa. Da za su taka zuwa lungun nan da sun huta da shan ruwan roba a banza. Masta ya haɗe su duka a ɗaki ɗaya, ya sa kwaɗo.

A ce ka leƙa da ƙarfe uku na dare a watan Nuwamban 2024, saura 'yan makonni a yi zaɓen 7 ga Disamba. Janareta na gurnani a bakin ƙofa, rabin hayaƙinta na dawowa ciki. Tsohuwar Heidelberg na tofo fuskar ɗan takara, murmushi iri ɗaya har sau dubu goma, a can gefe an jibge fuskar abokin hamayyarsa tana shan iska, don Masta ba ya nuna bambanci tsakanin jam'iyyar laima da ta giwa. Mai sarrafa injin yana tsaye tun la'asar ɗin jiya, hannu shuɗi da ja har gwiwa, yana goge roba da tsumma da kananzir. Ɗan koyo ya miƙe a kan damin takarda, ya yi matashi da guntayen yanka, ƙafa ɗaya a ƙasa, don in an kira shi kada ya ɓata lokacin saukowa. A bayan injin yanka akwai kwali a shimfiɗe, shi ne masallaci. Bokitin da ke kusa da shi na alwala ne, na wanka ne, na wanke faranti ne. Wurin aiki da ɗakin kwana da wurin ibada da wurin cin waakye, duka cikin taku biyar. Ina ma'aikacin banki da ya samu wannan gata?

Ga kuma tattali. Ɗan koyon ba ya biyan kuɗin motar trotro. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, masu gidaje a Nima da Maamobi kuwa shekara biyu suke ji, to Masta ya raba shi da wannan tashin hankali. Shi mai sarrafa injin yana da ɗaki a Maamobi, tafiyar ƙafa ce, matarsa da yara suna can. Aurensu zaune yake lafiya lau, domin sai an haɗu ake saɓawa. Autansa ma kan gaishe shi da irin ladabin da ake yi wa baƙo.

Amma inda Masta ya fi kowa shi ne sanin lokaci. Bai taɓa cewa haka za a dawwama ba, Allah ya kiyaye. Maganarsa ɗaya ce: "Ku yi haƙuri, bari wannan ta wuce." Kuma gaskiyarsa, kullum akwai wadda za ta wuce. A 2015, da dumsor, wato ɗauke wuta, ta yi tsanani har wuta kan tafi awa 24 ta dawo ta yi 12, duk sa'ar da ta zo ita ce safiya, ko da ƙarfe ɗaya na dare ne. Dole yara su kwana a shago suna gadin ƙwan lantarki. Wuta ta daidaita, kwanan shago bai tafi ba, don abin alheri ba a yar da shi. A 2020 gwamnati ta kulle Akra mako uku daga 30 ga Maris saboda korona. Nan ne aka ga hutu na gaske, irin wanda ba a gurɓata shi da albashi ba. A 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 14, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Takarda da tawada da faranti duk da dala ake shigo da su, suka bi dala. Albashin yara kuwa ya nuna kishin ƙasa, ya tsaya cak tare da sidi.

Sai sauyin gwamnati, wanda shi ne damina da rani a lokaci guda. Wata uku kafin zaɓe ba barci. An rantsar da sabon shugaba ranar 7 ga Janairun 2025, aka shiga lokacin karɓar bashi. Wanda ya faɗi ba shi da kuɗi, wanda ya ci ba shi da lokaci, wayar kowa a kashe ko a hannun yaro. Masta ya tara ma'aikata ya ce su je gida su huta, zai neme su. Duba adalci: barcin da aka ci bashi a Nuwamba an biya shi cif a Janairu. Kuɗin aikin dare kuma sai wannan ta wuce.

Ba shi ya ƙirƙiro haƙurin ba, gado ya tarar. Unguwar nan da ake kira Lagos Town a da ta ga abin da ya fi haka. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su nuna takardar zama ko su tattara nasu ya nasu, kuma mutanen zango da yawa sun bar gidajen da suka gina da guminsu. Wanda ya taso yana jin wannan labari ya san zama na wucin gadi ne, kuma ba a cika yi wa mai ba da aiki gardama ba. Masta ya ga dukiya a kwance, ya sa ta a jari.

Masu hassada suna cewa ba ya bin doka. Ƙarya suke yi masa. Ban taɓa ganin mai girmama Dokar Ƙwadago ta 2003 kamarsa ba, ko taɓa ta ba ya yi, kada tawada ta ɓata ta. Dokar ta ce awa 8 a rana, awa 40 a mako, hutun awa 48 a jere kowane mako, hutun shekara na kwana 15 da albashi, mai jego mako 12. Yana iya yiwuwa ma a shagonsa wani ya buga kwafin da ake sayarwa a bakin titi. Kuma dokar da kanta ta cire masu aikin jinga daga batun awoyi, sai ga shi, cikin ikon Allah, kowa a shagon ɗan jinga ne ko ɗan koyo. Matan da ke ninke takarda da jera shafuka a tsakar gida jinga suke yi, shi ya sa mai jego kan dawo da jariri a baya tun ba a gama wankan jego ba, yaro ya saba da ƙamshin gam da wuri. Ɗan koyo kuwa ba ma'aikaci ba ne, ɗa ne. Iyayensa ne ma suka biya aka karɓe shi, kuma wa ya taɓa yanka wa ɗansa albashi? Hukumar fansho ta SSNIT na son kashi 13 daga mai ba da aiki da kashi 5.5 daga ma'aikaci don ranar tsufa. Masta mutum ne mai tawakkali, ba ya shiga hurumin Allah ya ce wane zai tsufa.

Ta fannin addini ma ba a bar shi a baya ba. Malamai sun karantar da mu cewa a sallami lebura tun guminsa bai bushe ba. Masta ya yi nazarin wannan da kyau, ya tabbatar gumin bai taɓa bushewa ba, don haka wa'adi bai cika ba tukuna.

Batun lafiya, a nan ne ake masa ƙazafi mafi muni. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto a 2021 cewa yawan awoyin aiki ya kashe mutum 745,000 a 2016 ta hanyar shanyewar jiki da ciwon zuciya, kuma mai yin awa 55 ko fiye a mako ya fi mai yin 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar jiki da kashi 35 cikin ɗari. To wannan ai na masu awa 55 ne. Yaran Masta sukan wuce wurin tun ranar Laraba, rahoton bai shafe su ba. Hawan jini kuma sai an auna yake samuwa. Asibitin Maamobi na nan kusa, amma wanda ya je ya bi layi ya ɓata rabin yini, ya dawo da cutar da bai tafi da ita ba. A shago akwai asibiti na cikin gida: butar ataya a kan gawayi, lemon gwangwani mai hana barci, farasitamol a cikin durowar kuɗi. In wani ya ƙara da tiramol daga aljihunsa, Masta mutum ne mai kawaici, bai gani ba. Ranar da wuƙar injin yanka ta ɗauke wa wani yatsa biyu da asuba, Masta ne ya biya kuɗin tasi da kansa, ya kuma yi wa sauran nasiha mai ratsa jiki a kan illar gyangyaɗi.

Kada a ce na fifita shi shi kaɗai, yabon ya isa a raba. Shi kansa Masta da ƙwayar hawan jini yake kwana, in ya kwana, ga kuɗin wuta, ga haya, ga maƙwabcinsa da ke shirye ya karɓi aikin a rabin farashi. Kaso mai tsoka namu ne, mu masu kawo aiki. An sa ranar aure tun wata uku, amma sai daren Alhamis za mu shigo da hoton amarya a waya, muna son kati da kalanda da takardar manna wa bokiti kafin a sauko daga Juma'a. "Masta, don Allah ka taimaka, gobe-goben nan ne." Bai taɓa ce mana a'a ba, shi ya sa muke sonsa. Mu tafi mu yi barcinmu, da safe mu zo mu yi ƙorafi cewa jan ya yi duhu.

Yanzu ga wani sauyin ya shigo, na injuna. Manyan na'urorin China masu buga allon roba da ƙananan masu aiki da kwamfuta sun cika unguwa, ba faranti, ba haɗa tawada da ido. Dattijon da ya yi shekara ashirin da wani abu yana gane ciwon Heidelberg daga ƙararta kawai, an gode masa, an ba shi dogon hutun da ya daɗe yana roƙo. Yana nan a benci wajen mai shayi, kunne ɗaya ba ya ji, yana tari, ba wanda ke tashinsa da dare. An ɗauko yaro mai kwamfuta, shi ma an nuna masa damin takardar da zai riƙa miƙewa. Waɗanda suka ƙi wannan gata suka bi ta Agadas zuwa Libiya, ko suka hau okada, Masta kan girgiza kai ya ce yaran yanzu ba sa son aiki.

Kuma ba ya manta nasa. Duk wanda ya faɗi a bakin inji aka kai shi makwanci, Masta ne a sahun gaba, shi ke fara cewa marigayi bai taɓa cewa ya gaji ba. Takardar addu'ar arba'in a shagon ake buga ta, mai kala huɗu, a kan takarda mai sheƙi, da hoton da aka gyara har ramar ta ɓace. Ba a yi ta da rana, kada a tare aikin kwastoma. Yaron da ya gaji injin ne ke buga ta bayan sha biyun dare, iyalan kuma kuɗin takarda kawai za su biya.