Zuwa Ga Baba Rediyon Najeriya: Ga Fili a Gidan Dahala

Ranka ya daɗe, Baba Rediyon Najeriya,
Gidan Rediyo, Garki, Abuja.

Ina gajiya, yaya sanyin ofis? Mu nan Gidan Dahala lafiya lau, sai rana, ita ma mun saba da halinta. Bayan haka, dattawan unguwa ne suka ɗora mini rubuta wannan takarda, wai don cikinsu ni ne mai ɗan dama-dama da alƙalami. Buƙatarmu guda ce: ka tattara komatsanka ka dawo Sakkwato da zama. Kada ka ce ai ka ba mu Royal FM, mun sani, mun kuma gode. Kai kanka muke so, da babban darakta da kujerarsa mai juyawa, musamman kuma mutumin nan da ke zaɓen labarin da za a fara karantawa da ƙarfe bakwai na safe.

Kafin ka ce zafi ya taɓa mana ƙwaƙwalwa, tambayi takwaranka na Ingila. A shekarar 2011 BBC ta kwashi sashen wasanni, da na yara, da tashar rediyonta ta 5 Live, ta kai su Salfod, gefen Mancesta. Shekara na zagayowa shirin talabijin ɗinta na safe ya bi su. An yi ƙorafi, an yi kumbure-kumbure, ma'aikata da dama suka ce su da barin Landan sai dai a sallame su. Aka tafi aka bar su, kuma har yau gari na wayewa. Tashar Channel 4 ma ta buɗe babbar hedikwata a Lids a 2019. Muryar Jamus da muke ji da Hausa kuwa daga Bon take magana, alhali gwamnati na Balin. Ko Faransawa da suka tashi buɗe sashen Hausa a 2007, a Legas suka kafa shi, ba su ce sai an je Paris ba.

Abin da ya fi ci mini rai, Baba, shi ne wannan abu da Turawa ke yi yau suna buga ƙirji, mu da shi muka fara. Ka fi ni sani, tunda a gabanka aka yi. An haife ka a Legas a 1951, aka sake maka suna a 1957. Kana nan Awolowo ya buɗe talabijin a Ibadan a 1959, tun Legas ba ta da shi. Inugu ta bi a 1960. A 1962 Sardauna, ɗan Rabah da ke nan kusa da mu, ya kafa Rediyo da Talabijin na Kaduna, kuma cikin kamfanonin da ya haɗa hannu da su har da Granada, ita ma 'yar Mancesta. Wannan gida na Kaduna shi ya raini kunnen Arewa. Manomi a Gwadabawa da ɗan tireda a Kumasi da falke a Agadas duk sun san muryarsa. Sai soja suka zo da son komai ya tsaya a layi ɗaya. A 1977 aka haɗe gidajen talabijin a ƙarƙashin hukuma guda, wadda muke kira NTA yau. A 1978 aka yi wa rediyo haka, aka naɗa ka uban kowa, Kaduna da Ibadan da Inugu suka koma 'ya'yanka. Da gwamnati ta tare a Abuja a Disambar 1991, kai ma daga baya ka ɗaure kaya ka bi ta. Ashe ƙaura ba baƙuwarka ba ce. Ka taɓa yi don gwamnati, yanzu ka gwada yi don masu saurare.

Zamanin Obasanjo an kakkafa maka tashoshin FM a jihohi, muka samu tamu, Royal FM, a kan mita 101.5, Birnin Kabi da Gusau da Katsina kowa ya samu tasa. Madalla. Sai dai tarewar ta zama irin ta amaryar da ta zo ɗakin miji amma tukunyarta na gidan uwarta: lokacin cin abinci ya yi, sai a jira a aiko daga Abuja. Bakwai na safe, huɗu na yamma, goma na dare, kowa ya yi shiru a haɗa da hedikwata.

Bari in gaya maka abin da ke faruwa a daidai wannan lokaci a teburin mai shayinmu. Yana da wata 'yar rediyo baƙa, murfin batirinta ya daɗe da ɓata, da kyauron roba ya ɗaure ta, eriyarta kuwa wayar keke ce ya lanƙwasa. Tana rataye a ƙusa tsakanin gwangwanin madara da kiret ɗin ƙwai. Da ya ji kiɗan nan naka na fara labarai, ko juyowa ba ya yi. Hannun dama na sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, na hagu ya miƙa baya ya murɗa. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Malam, mi za su hwaɗa mini? Wane ya karɓi baƙuncin wane, wane ya yi kira ga jama'a. Ni albasa nika son in ji nawa ta kwana, kuma hanyar Isa ta biyu ko ba ta biyu ba." 'Yan kabu-kabun da ke zaune a benci suka ce ya gama magana.

Wannan ta hanyar Isa ba raha ba ce. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Mai ɗan'uwa a Sabon Birni ko Goronyo ya koma ba shi da wata kafa sai bakin direbobi a tasha da akwatin rediyo. Wata guda bayan haka aka afka wa kasuwar Goronyo, aka kashe mutane da dama. A irin waɗannan ranaku ne muka gane bambancin wanda ke da wakili a gari da wanda ke zaune a garin. Wakili zai aika rahoto, ba mu ce ba ya aikawa ba. Amma wanda zai yanke hukuncin ko rahoton ya zo farko, ko ya zo bayan labarin taron ƙara wa juna sani, yana can inda tafiyar yini guda ta raba mu. Da a ce editan nan a Gidan Dahala yake haya, maƙwabcinsa ɗan gudun hijira ne daga Gatawa, matarsa kuma tana sayen gero a farashin da muke saye, ba sai an koya masa abin da ake kira babban labari ba. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Kada kuma ka ɗauka ƙauye za ka zo. Duk shekara akwai dararen da kai da ƙanwarka NTA da duk 'yan zamanin nan masu ɗaukar hoto da waya kuke yo ƙaura zuwa Sakkwato ba tare da kowa ya roƙe ku ba. Ranar 29 ga Sha'aban, da ranar 29 ga Ramadan, ƙasar nan kaf kunnenta na fadar Sarkin Musulmi. Matar da ke Fatakwal ba ta san ko ta jiƙa shinkafar sahur ba, tela a Ibadan bai san ko ya samu ƙarin kwana guda ba, minista ma da ke Maitama jira yake, sai Mai Alfarma Muhammadu Sa'ad Abubakar ya ce an ga wata ko ba a gani ba. A daren nan babu mai cewa Sakkwato ta yi nisa. Injinanku na aiki sarai, hoto na fita tas. Washegari sai nisan ya dawo.

Sana'ar taka ma ba kai ka kawo mana ita ba. Tun wajen shekarun 1830 Nana Asma'u 'yar Shehu ke tsara darasi a waƙe, ta naɗa jajoji ta ba su malfa, su bi ƙauyuka suna isar wa mata, su kuma dawo mata da tambayoyin da aka yi. Ka lura, har da dawowa da tambaya. Sannan ka leƙa ɗakin ajiyar faya-fayanka na Kaduna ka ƙirga muryoyin ƙasar Sakkwato ta dā da ke ciki: Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Jankiɗi, Ɗan Anace. Shekara da shekaru kana cin kasuwa da kayanmu, ko ɗaki ba ka taɓa kamawa a garin ba.

Na san za a ce doka ta ce hukumomin tarayya su zauna a babban birni. To, a Janairun 2024 mun ga hukumar filayen jiragen sama ta mayar da hedikwatarta Legas, Babban Banki ma ya tura wasu sassansa can. Manyanmu na Arewa suka yi ta kumfar baki a kan kada a taɓa Abuja. Ni ban ga abin faɗa ba, ƙofa aka buɗe. Tunda ashe ana iya fita daga Abuja, sai mu tuna wa masu fitar cewa titin ba kudu kaɗai ya nufa ba.

Sai dai muna da sharuɗɗa, gara ka ji su tun yanzu. Can Ingila an samu waɗanda suka karɓi ƙaura da baki, suna zuwa Salfod a jirgin ƙasa su yi aiki su koma Landan su kwana. Mun san naka za su fi su iyawa: a sauka filin jirgin Sultan Abubakar III ranar Talata, a bi jirgin Alhamis a koma, iyali na Gwarimpa. Ba mu yarda ba. Duk wanda zai zo ya zo da matarsa da 'ya'yansa, ya sa su makarantar da namu ke zuwa, ya yi layi a asibitin da muke yi. Na biyun ya fi wannan nauyi. Idan za ka baro ƙofar fadar shugaban ƙasa ne don ka zo ka tsuguna a ƙofar gidan gwamnatin jiha, ka yi zamanka, Allah ya ba mu haƙuri. Masu wannan aiki muna da su, kuma sun fi ka iya kirari.

Batun masauki kada ya dame ka. Za a nema maka fili, mai unguwa ya ce zai sa baki a yi maka ragi. Fura da nono ba sai an faɗa ba, kilishi kuma sai ka ture. Muryarka za ta tsallaka Illela ta shiga Ƙonni ba tare da fasfo ba, ka samu masu saurare a ƙasa biyu da kuɗin ƙasa ɗaya. Wuta ce dai ba zan yi maka alkawarin abin da ba nawa ba, ka taho da janaretanka da na ko-ta-kwana. Kuma don Allah kada ka sa ranar tarewa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kwalta na laushi, kada ma'aikatanka su juya tun daga Kwannawa. Ka bari sai Disamba, hunturu ya sauka, mu yaudare su da sanyin safe har su sa hannu a takardar haya.

Amsa kuma ka aiko ta a rubuce. In ka karanta ta a labaran bakwai, mai shayi zai murɗe kafin mu ji.

Naka mai saurare in an bar shi,
Wani ɗan Gidan Dahala, Sakkwato.