Yadda Za Ka Cinye Jarinka Kafin Gero Ya Nuna

Ƙanena, labari ya iso ni cewa ka kai ɗan bijimin nan da ka turke tun bara karar Wudil ranar Juma'a, an sallama, dillali ya zare la'adarsa, sauran kuɗin suna aljihunka suna yi maka zafi. Wai kuma shago za ka buɗe, kana neman mai ba ka shawara. To ka faɗo gidan sauƙi. Sau uku ina buɗe shago, sau uku ina rufewa, saboda haka a fagen karyewa babu mai ja da ni tun daga Kademi har Toranke. Masu koyar da yadda ake arziki sun cika waya, yawancinsu ma da rancen data suke wa'azin. Ni abin da na ƙware a kai shi zan koya maka.

Ka fara da zaɓen sana'a, kuma kada ka wahalar da ƙwaƙwalwarka. Fita bakin titi ka duba abin da kowa yake yi, kai ma ka yi shi. In masu cajin waya huɗu ne a layinku, zama na biyar. In laimar masu POS ta kai shida a gindin bishiya guda, kafa ta bakwai, ka matsa kusa da su don ku riƙa hira tunda ciniki ba zai dame ku ba. Za a ba ka labarin yadda suka kwashi kuɗi a farkon 2023, lokacin da canjin fasalin naira ya sa takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, mutum ya sayi kuɗinsa da kuɗinsa. Gaskiya ne, an yi haka. Kai dai kada ka tambaya ko za a sake.

Kada ka yi koyi da kakanninmu Abagayawa. An ce wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya, ya yi ta taka sayyada yana neman tama har ya dangana da dutsen Dala. Ka ji wahalar banza: mutum ya tsaya binciken inda kayan aikinsa suke kafin ya kafa maƙera! Me ya samu? Birni kawai aka sa wa sunansa.

In ka kama shago, rabin jarin ya tafi ga allon suna. A rubuta da manyan baƙaƙe, a sa Gulobal, a sa Intanashinal, a zana jirgin sama a gefe. A yi fenti, a ɗaura fitila mai walƙiya ko da wutar sai ta ga dama take leƙo garin. Kantar da ta rage ba kaya ka jera mata kwalayen da babu komai a ciki. Daga nesa ai ba a ganewa.

Yanzu mu zo ga uwa uba, wato bashi. Nan nake so ka gyara zama, don duk sauran dabarun 'yan rakiya ne.

Ka san a garin nan muna da tarihi da baƙon da ya zo sayayya. Masu ba da labarin Bayajidda sun ce a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya je ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura. An faɗi wuƙar, an faɗi macijiyar, an faɗi auren sarauniya, amma ni duk sauraron da na yi ban taɓa jin wurin da aka ce ya dawo ya biya maƙeran ba. In ka ba da bashi, gado ka raya.

Ranar da ka buɗe, kawu zai zo sa albarka. Zai yi addu'a mai tsawo, ka shafa, sannan ya ce, "Ɗana, auna min sukari da ganyen shayi, in an yi kaka ma yi magana." Ka auna, ka ƙara masa gyara. Goggo za ta aiko yarinya da kwano da saƙon cewa ita ta goya ka. Abokinka na firamare zai ɗauki sabulu da katin waya ya ce, "Haba mutumina, ni da kai?" Ma'aikaci zai ce sai an yi albashi, yaron ɗan siyasa zai ce sai oga ya shigo gari. Duk ka ba su. Ai bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ɗa na gari ba ya kallon ƙwayar idon babba ya ce babu.

Babban sharaɗi shi ne kada ka rubuta. Littafin bashi rashin kunya ne. In ma ka rubuta, to a bayan kwalin taliya, don ranar da yara suka kai shi murhu kowa ya huta. Wasu suna liƙa takarda a ƙofa mai cewa ba bashi yau sai gobe. Kai ma ka liƙa, tana ƙawata shago, kuma duk wanda ya karanta ya san da maƙwabcinsa ake.

Ga abin daɗin da ba a faɗa wa sabon ɗan tireda. Wanda ka ba bashi ba kuɗinka kaɗai yake tafiya da su ba, har da ƙafarsa. Daga ranar ya canza hanyar masallaci. In ya samu kuɗi a hannu, shagon abokin hamayyarka zai kai su, don in ya zo wurinka za ka tuna. Ka ga da jifa ɗaya ka rasa kaya, ka rasa kwastoma, ka kuma ƙara wa na kusa da kai ciniki. Lissafin ma mai sauƙi ne. A ce a duk cinikin naira 10,000 ribarka 1,000 ce. In bashin 10,000 ya nutse, sai ka sayar da kayan kusan 100,000 kafin ka dawo inda kake jiya. Bashi goma irin wannan, bijimin ya koma labari.

Sannan aljihu ya zama ɗaya. Kuɗin shago da naka duk naka ne, wa ya haifi wani? Cefane daga akwatin ciniki, ankon bikin abokai daga nan, gudummawar suna daga nan, tsiren dare daga nan. Uwar kuɗi da riba ai uwa da 'ya ne, raba su alhaki ne. In ka ga cinikin yini ya kai 30,000, ka ɗauka ka ci ribar 30,000, ka je ka canza waya.

Wajen sari, ka riƙa shiga Kano a kai a kai. Katan biyu ya ƙare? Hau mota sai Singa. Kada ka haɗa kai da sauran masu shago ku yi sari tare, kada ka kira a ɗoro maka a motar garinmu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ya zama, amma kai kada ka sa shi cikin farashin kaya. Haka kuɗin Adaidaita Sahu, da ɗan dako, da shinkafa da waken da ka ci a bakin kasuwa, da leƙawar da ka yi Kantin Kwari ka yanko yadi biyar tunda ka riga ka shigo. Waɗannan yawon buɗe ido ne.

Ka kuma manta cewa garin manoma kake. Da damina kuɗin Gaya da Ajingi yana gona, ya zama taki da ladan 'yan ƙwadago, to a lokacin za ka cika shago da turare da takalman gayu. In kaka ta yi, gero da wake da gyaɗa sun shigo, aljihu ya yi nauyi, ana ta ɗaurin aure, sai a tarar da kai da kwalayen nan na ado.

Ko kuwa ka ce ajiyar hatsi za ka yi, tunda kowa ya san a saya da kaka a sayar da bazara. Sayi wake, ka zuba a buhun da ka samu, ka jingine a ɗaki mai laima. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ke hana ƙwari numfashi tsada gare shi, bar shi. Zuwa watan uku za ka buɗe ka tarar an riga an niƙa maka garin ɗanwake kyauta. In ma ƙwari sun yi maka afuwa, tambayi waɗanda suka tara hatsi da tsada a 2024 suna jiran ya ninka, 2025 ta zo farashi ya yi ƙasa, har manyan 'yan kasuwar Dawanau suka dafe kai.

Mai saye kuwa, kada ka sake masa fuska. In ya yi sallama, amsa ba tare da ka ɗago daga TikTok ba. In ya taya, ka ce albarka kamar ya zage ka. Amma in baƙo ne mai babbar riga ya nuna maka waya ya ce ya yi taransfa, kada ka jira alat, ka ɗora masa kayan a babur har da addu'ar sauka lafiya.

Abin da zan gargaɗe ka a kai shi ne ƙanwarka. Ka guji hanyarta. Da kwanon waken suya ɗaya ta fara awara a zaure, ba allo ba fenti. Kullum tana ware kuɗin wake gefe, ta zuba adashi, in an zo bashi ta ce kayan na Inna ne, ba ta da iko. Yanzu ga ta da tumaki uku, tana saka hoton atamfa a WhatsApp matan aure suna aikowa da kuɗi kafin kaya. Irin wannan tafiyar hawainiya ita Alhassan Dantata ya yi, shekara da shekaru yana fataucin goro zuwa Gwanja kafin gyaɗa ta ɗaga shi, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Wa ke da wannan haƙurin? In wani abu ya rage a hannunka, nemi masu ninka kuɗi a waya. CBEX ta rufe da dukiyar jama'a a Afrilun 2025, amma kada ka damu, ƙannenta suna nan tafe da sabon suna.

In ka tsayar da ranar buɗewa ka aiko a gaya min, zan zo da kaina in sa albarka. Ka ware min sukari kwano biyu, da man gyaɗa galan guda, da ɗan omo na wankin yara. Kada ka damu da rubutawa, ai ni da kai ne. In an yi kaka ma yi magana.