Kurfayawa a Dandalin Yamai

Duk wanda ya san majalisun Filinge ya san cewa mutumin Kurfai ba ya sauka daga motar Yamai ya wuce gida shiru, bayan ya sha kilomita wajen 180 ta Baleyara da Bonkuku, face ya biya gindin inuwa ya sauke labari kafin ya sauke kaya. Kuma cikin abubuwan da aka fi tafka muhawara a kansu, bayan farashin hatsi da halin hanya, akwai wannan makeken fili da ke gaban ginin Majalisar Dokoki, inda masu zanga-zanga suka saba ƙare tattakinsu, wanda a takarda ake kira Place de la Concertation. Filin ɗaya ne, amma in ka saurari masu bayani sai ka rantse ba wuri guda suka je ba, domin kowa da mudun da ya tafi da shi daga gida.

Dillalin shanu, tun bai gama saukowa daga tasi ba, ya riga ya auna filin da ido, ya ƙiyasta jajayen shanun Azawak nawa, irin na gidan gonar Tukunus, za su kwanta a ciki ba tare da ƙahon wata ya taɓa wata ba. Abin da ke baƙanta masa rai shi ne an daɓe wurin, ba inda za a kafa turke, kuma mutumin Dallol Boso, wanda ya saba a tona ƙasa kaɗan a tarar da ruwa, ba ya gane hikimar fili mai wannan girma da ba a yi masa rijiya ba. Hukuncinsa kullum ɗaya ne: an yi asarar masussuka.

Sai Malam, Allah ya ƙara masa ilimi, wanda azahar ta riske shi a tsakiyar wurin. Shi bai ga fitilu ba, bai ga ginin Majalisa ba. Alƙibla ya shiga nema, ya tare wani ya tambaya aka amsa masa da Zabarmanci, ya tare wani aka amsa masa da Faransanci, har ya koma ga inuwarsa ya yi ijtihadi. Da ya duba butarsa ya tarar ba ruwa, sai mas'ala ta tashi: shin taimama ta halatta a kan siminti, alhali ga yaro can yana tallan ruwan leda? Ya sayi biyu yana istigfari, ba don kuɗin ba, a cewarsa, sai don ganin zamanin da ake yin alwala da abin da ake hudawa da haƙori. Tun daga ranar, in aka ambaci dandalin a gabansa, sai ya gyara zama ya buɗe babin tsarki, kuma wanda ya tambaya shi ya jawo wa kansa.

Akwai kuma tsohon mushen lakwal, mai hula da tabarau, wanda ba ya kallon abu sai ya ɗora masa shekara. Zai gaya maka an buɗe gadar Kennedy a 1970, Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, aka sake buɗe ta a 1987, sa'annan ya rufe da cewa a zamanin Seyni Kunce, wanda ba ya mantawa ya tuna maka ɗan Fandu ne, nan kusa da mu, ko bawon gyaɗa ba a isa a yar a nan ba. Tun da aka sauya sunayen wasu tituna a 2024, titin De Gaulle ya koma na Jibo Bakari, shi da masu tasi ba su ƙara fahimtar juna ba. Ɗan cirani kuwa, wanda ya ga Kumasi da Abijan, taɓe baki kawai yake yi, ko da a can ɗin bai wuce zango ba.

Ni dai ra'ayin Inna na fi karɓa. Ita ta isa ta yi sallama, ta gaida duk wanda ya gifta, ba wanda ya tsaya ya tambaye ta gajiya, har ta juya ga jikanta ta ce, "Kai, wannan ƙofar gidan wa ce, ba mai fitowa?" Da aka ce mata ta kowa ce, sai ta nemi inda kowan yake zama, domin a wurinta dandali shi ne inda tsoho zai sami gindin gawo ko bedi ya miƙe ƙafa, mai fura ta aje ƙwarya, ƴan mata su yi gaɗa da dare. An ƙawata Yamai ƙwarai saboda taron shugabannin Afirka na 2019, ba mai musun wannan, amma a zafin Afrilu, sa'ad da ma'auni ke haura 40, baƙo ba fitila yake nema ba. Jikan nata bai ji wannan hujja ba. Yana can yana juya salula, ya komo da hoto fiye da ashirin, kowanne fuskarsa ta rufe filin.

Na ƙarshe, kuma wanda ya fi kowa dogon bayani, shi ne wanda iyakarsa kasuwar Wadata, ya sayi kayansa ya juyo. Shi ne zai siffanta maka ƙoramu da furanni da kujerun marmara, yana rantsuwa, har Malam ya ce, "Alhaji, ni da na yi salla a wurin ban ga ko ɗaya ba." Sai ya ce, ko gezau, "Gafarta Malam, ai ku ta baya kuka shiga."