Ranar da Aka Shanya Batirin Surukina

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, laftof ɗin surukina ta shiga tsaka-mai-wuya. Windows 11 tana neman wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0, ita kuwa wannan baiwar Allah an ƙera ta tun kafin a fara yayinsa. Baba ya ce zai aika da ita wurin masu gyara a Farm Centre. Bakina da ba ya shawara da ni ya yi tsalle ya ce, "Haba Baba, ina raye?"

Shekaranjiya da hantsi na dira da filashi a aljihu, na tuɓe takalma, na durƙusa a zaure. Na kwashe takardunsa da hotunan aikin Hajji na adana a gefe. Filashin ya ƙi tashi sai da na shiga BIOS na kunna Legacy. Na share Windows, na zuba Ubuntu, ina yi ina lacca: kyauta ce, tun 2004 ake yin ta, ba ta wahalar da tsohuwar na'ura. Da na gama, don a ga ni ɗan gidan tarbiyya ne, na koma BIOS na mayar da kowane saiti yadda na same shi. Na zare filashin, na juya fuskar kwamfutar wajen Baba, na ce, "Bismillah, Baba. A kunna da hannu mai albarka."

Ya kunna. Fanka ta yi kuka, allo ya yi baƙi, sai ga fararen haruffa:

Boot Device Not Found. Please install an operating system on your hard disk.

Da surukin wani ne, da na ce masa gaisuwa take yi. Amma nawa tsohon hedimasta ne, Turanci ya koyar har ya yi ritaya. Ya laluba aljihu, ya ciro tabarau, ya huhhura, ya goge da bakin riga, ya maƙala. Ya ɗora yatsa a kan allo ya karanta a bayyane, kalma bayan kalma, har da tsayawa a wurin aya. Sannan ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya dube ni ta samansu.

"Malam, cewa ta yi a taimaka a sa mata manhaja. To, wannan da ka wuni kana sawa, mene ne?"

Ba da faɗa ya yi tambayar ba. Da faɗa ya yi, da na samu abin riƙewa. Cikin ladabi ya yi ta, irin ta mai son ƙarin ilimi. Kuma suruki ne: ba a kallon idonsa, ba a yi masa musu, ba a juya masa baya a gudu. Na sunkuyar da kai sai idona ya faɗa kan allon, na ɗaga sai ya faɗa kan tabarau. Tun daga ranar, da na rufe ido sai in ga yatsan nan yana tafiya a hankali, yana tsayawa a kan kalmar farko ta jimla ta biyu. Ita kanta kwamfutar roƙona take yi, a gaban mahaifin matata.

"Hotunan Makka fa?" in ji shi.

"Suna nan, Baba."

"A ina?"

Na nuna aljihuna. Ya dubi aljihun, ya daɗe yana dubansa.

A daidai nan Kawu ya yi sallama. Ƙanen Baba ne, ya taɓa gyaran rediyo a zamanin kaset, kuma bai yarda an ƙirƙiro wani sabon abu tun daga lokacin ba. Ya leƙa allon a juye, ya yi tsaki.

"Injiniya, sanyi ne ya kama ta. Ɗora ta ka yi a kan siminti?"

"A'a, Kawu, matsalar saiti ce."

"Saiti! Ɗaga ta ka girgiza, mu ji ko wani abu ya kwance."

Na girgiza. Ya ce in hura iska a ramin caja. Na hura. Ya kara kunnensa a bayanta ya ce a yi shiru, har Baba ya dakatar da jan carbi. Ya ɗago ya ce, "Tana numfashi." Ya nemi in mare ta a gefen hagu, wai nan ne ƙwaƙwalwar take. Da aka ce daga cikin gida a binne ta a shinkafa, ya ce dabarar jahilai ce, shinkafa maganin waya ce. Daga ƙarshe ya yanke hukunci: a ciro batir a shanya.

"Ba rediyon da ta taɓa ƙin rana," in ji shi.

Haka aka shimfiɗa faifai a kan katanga, aka ɗora batirin surukina, aka sa yaro gadi kada akuya ta taɓa. Hajiya surukata ta aiko da kunun zaƙi da saƙon cewa kada in damu, kowa da irin baiwarsa.

Ina shan kunun ne ƙwaƙwalwata ta dawo daga inda ta gudu. Hanyoyi biyu kwamfuta ke bi ta tashi: tsohuwa, wato Legacy, mai neman umarni a farkon faifan ajiya, da sabuwa, wato UEFI, mai neman fayil a wani ɗan keɓaɓɓen sashe. Hanyar da filashi ya bi ya tashi, ita manhajar ke bi ta zauna. Ubuntu tana ciki lafiya lau, ta tsohuwar hanya ta shiga, ladabina kuma ya rufe hanyar.

Bayan azahar Kawu ya taɓa batirin da bayan hannu ya ce ya nuna. Ya mayar da shi da kansa, da bisimilla. Na karɓa, na danna F10 a ɓoye, na kunna Legacy, na adana. Allo ya yi haske, Ubuntu ta fito tana ƙyalli.

Zaure ya ɗauki kabbara. Baba ya miƙa wa Kawu hannu biyu. Na buɗe baki zan yi bayanin UEFI, Kawu ya dafa kafaɗata.

"Kada ka ji komai, ɗana. Karatu daban, sani daban."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Jiya matata ta leƙa gida, ta ƙirga wayoyi huɗu da rimot ɗin talabijin a kan katangar, Kawu na zaune a inuwa yana karɓar goro.