Ijtihadina a Kan Fulogi

Duk wanda Allah Ya jarrabe shi da tsohuwar mota 'yar Kwatano, kuma Ya haɗa masa da maƙwabta masu yalwar ra'ayi da ƙarancin aikin yi bayan la'asar, to, ko ya rasa lafiyar inji ba zai rasa fatawa ba. Tawa motar, wadda ta daɗe tana kai ni makaranta cikin rufin asiri, ita ce ta wayi gari tana kakkarwa idan na tsaya a danja, tana shaƙewa idan na taka totur, ga kuma ƙaurin ƙonannen mai da ke bin rigata har cikin aji.

Da yake ni ban yarda da taƙlidi ba matuƙar ƙofar bincike tana buɗe, sai na ari akwatin sifana, na kwance koyil huɗun nan da ke zaune bisa kan fulogai, na zaro su ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka fito a bushe, biyu kuwa robarsu ta sha baƙin mai har ta kumbura. Da na haska ramukansu da tocila, sai ga fulogi ya nutse a mai, ƙoƙon kansa kaɗai ke leƙowa.

Kafin in ɗago kai majalisa ta tashi ta kewaye ni. Wani ya ce mai ne aka zuba ya wuce ƙima, wani ya ce fetur ɗin zamani ne, sa'an nan wani dattijo da ya yi tuƙin tirela a ƙuruciyarsa ya gyara murya ya ce, "Malam, ringi ne ya cinye. Sai an sauke inji." Kowa ya yi tsit, domin sauke inji kalma ce da ba a faɗa wa ma'aikacin gwamnati ita a tsakiyar wata.

Don in yanke saɓani da hujja, sai na sa sifanar fulogi mai lamba 16 na kwance na farko da na biyu. Abin mamaki, man nan da ya cika ramukan ya ɓace ƙurmus, ni kuwa na lissafa wannan cikin nasarorin ranar, alhali gangarawa ya yi ta kafar da na buɗe, ya tafi ya kwanta a kan fistin. Fulogan suka fito jiƙe sharkaf tun daga kai har baki, dattijo ya karɓa ya ɗaga su sama kowa ya shaida. Na mayar, na ba ta wuta, ta yi tari, sa'an nan salansa ta saki wani shuɗin hayaƙi da ya rufe layinmu tun daga masallaci har wurin mai shayi, har wata maƙwabciya ta aiko yara da bokitan ruwa. Nan take ijma'i ya ƙullu a kan ringi. Uwargida ta leƙo daga soro ta ce, "Malam, da ma kai bakanike ne ban sani ba?" Daren nan na kwana ina auna kuɗin ragon layyar da nake kiwo da kuɗin sauke inji.

Tsohon bakaniken da na kai wa motar bai duba hayaƙi ba, ni ya duba, ya ce, "Malam, kafin a kwance fulogin nan, an tsane man da ke ramin?" Na ce mas'alar tana da tsawo. Ya ce ya fahimta.

Bayanin da ya yi mini, wanda na same shi a tsare fiye da darussan waɗansu abokan aikina, shi ne cewa mazaunin man shi ke nuna illar. Idan a saman fulogi ya taru, cikin ramin, to, daga murfin saman inji yake tsiyayowa, domin a ƙarƙashin murfin akwai gasket na roba, kuma kowane rami yana da zoben roba a bakinsa, waɗanda zafi da tsufa ke busar da su har su tsage. Man sai ya jiƙa robar koyil, wuta ta riƙa zurarewa gefe maimakon ta isa bakin fulogi, mota ta kama misin. Amma idan ramin a bushe yake, bakin fulogi kuma ya yi baƙi da danƙo, mota tana shan mai tana hayaƙi kullum, a nan ne ake zargin ringi ko robobin bawul. Hayaƙina kuwa, in ji shi, na aro ne, da man ya gama ƙonewa zai ɗauke.

Yaronsa ya sayo gasket a Ƙofar Ruwa da kuɗin da bai kai ƙafar rago ba. Aka tsane ramuka da tsumma, aka goge bakin murfi tas, aka ɗiga gam kaɗan a kusurwoyi, aka duba ƙaramin bawul ɗin da inji ke numfashi ta cikinsa, domin idan ya toshe iska kan matsa mai ta ɓullo da shi ta sabon gasket ma. Sa'an nan bakanike ya ɗaure notuna da lamba 10, daga tsakiya zuwa gefe, a hankali ƙwarai.

Wannan sassaucin ɗaurin ne bai kwanta mini a rai ba. Da suka tafi sallar azahar, ni kuwa na riga na yi tawa, sai na ga ya wajaba in ƙarfafa abin da ya raunana. Na farko ya karɓi ƙari, na biyu ma haka, na uku ya ce ƙas, kansa ya biyo sifana, gindinsa ya zauna a cikin inji. Malamai dai sun tabbatar cewa mai ijtihadi ba ya tashi a banza, sai dai ba su ambaci wanda zai biya mai walda ba, wanda ya ci ninkin kuɗin gasket kafin ya ciro guntun.

Bakanike ya daɗe yana juya kan notin a tafin hannunsa, sa'an nan ya kira yaronsa ya ce, "Kai wa Malam benci can gindin darbejiya, ka sayo masa shayi, akwatin sifana kuma ka sa masa kwaɗo."