Neman Gida a Berlin: Ka Taho da Kicin Ɗinka

Wanda ya samu aiki a Jamus yakan ɗauka biza ce babbar wahala. Bawan Allah bai fara neman gida a Berlin ba tukuna.

Mai gida zai ce kawo takardar Schufa, shaidar cewa ba ka cin bashi ka gudu. Baƙon da ya sauka jiya ina ya ga tarihin bashi? Ka je buɗe asusu, banki ya ce ina adireshinka? Ofishin rajistar adireshi ya ce sai da sa hannun mai gida, kuma kwana 14 doka ta ba ka bayan tarewa.

Ranar duba ɗaki layi har kan matakala, kowa rungume da fayil kamar masu neman aikin gwamnati.

In Allah ya taimake ka, ka ajiye jinginar haya ta wata uku, ka buɗe ƙofa, sai ka tarar kicin wayam: bututun ruwa ya leƙo daga bango, waya na reto inda ƙwan fitila yake. Ba ɓarayi ba ne, malam. Wanda ya tashi ne ya kwance kayansa, har wurin wanke-wanke.

Kuma kada ka kuskura ka buga ƙusa ranar Lahadi, maƙwabta na iya kira maka 'yan sanda.